Ƙofar da Baffa Ya Fasa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, mu da waɗanda muka ɗauka kullum za mu tarar da su a inda muka bar su. Baffana, yayan mahaifina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidanmu na Hunkuyi, ana tsakiyar zafin bazara. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku ina zaune cikin mata ina sauraren abin da ake faɗa a kansa, har na fara tunanin ko mutum biyu muka rasa. Mutanen unguwa cewa suke yi, “Allah Ya jiƙan maigida, ya riƙe gida.” Abin da suka sani ke nan: dattijo a zaure, a kan buzu, tabarau a ƙarshen hanci. Su kuwa waɗanda suka zo daga Makarfi da Ikara, wani mutum daban suke wa kuka. Wata ma'aikaciyar jinya daga wani ƙaramin asibiti a Ikara ta riƙe hannuna, ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta sunkuyo ta ce, “To yanzu wa zai riƙa duba mana na'urar?”

Goggonmu, ƙanwarsu Baffa, ba ta iya barin magana ta wuce ta. Ta ce, “Ikon Allah! Ana ta rai, ke kina ta ƙarfe.”

Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ni kam ban ji haushinta ba ko kaɗan. Wallahi da Baffa zai ji, wannan gaisuwar ce za ta fi yi masa daɗi.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shi ne Babanmu. Saƙo ya same shi a gona, kafin ya iso an riga an fito da gawa ƙofar gida. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna a gefen tabarma a waje, yana miƙa hannun dama yana karɓar gaisuwa, na hagu kuwa yana cikin aljihun riga. Mutane sun ɗauka carbi yake ja. Ni na san abin da ke cikin aljihun, don ni na kai masa. Makulli ne. Shekara bakwai ke nan Baba bai taka zauren gidan ubansa ba, kuma duk kwana ukun nan abin da ke cin raina shi ne ko zai taka, ko kuwa zai hau babur ɗinsa ya koma Kudan, gidanmu ya tashi daga gida ɗaya har abada.

Bari in koma baya kaɗan, don 'ya'yana su san wane ne kakansu.

Baffa ya yi shekaru a Kaduna yana aiki a wani kamfanin sadarwa, a ɗakin da ake ajiye manyan na'urori. Yakan ce sanyin ɗakin nan ne ya cinye masa gwiwoyi. Da kakanmu ya rasu, shi ma ya yi ritaya, sai ya dawo Hunkuyi ya gaji buzun zaure, ya kuma buɗe wata 'yar cibiyar kwamfuta a Makarfi. Shi ya dage in karanci kwamfuta a Zariya, lokacin da dangi ke cewa in yi aikin jinya. Da na gama, aure ya kawo ni Makarfi, ya ce in zo mu yi aiki tare. Mu yi aiki tare, ya ce, amma fa shi ke magana ni ke cewa to.

Yana da ɗabi'un da har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Ba ya taɓa cikin na'ura sai ya cire takalmi, ya je ya dafa ƙarfen taga. Masu sayar da hatsi da ke leƙowa sun daɗe suna zaton wani surƙulle ne, alhali wutar jikinsa yake saukewa don kar ta ƙona kayan ciki. Kalmomin sirri kuwa da ajami yake rubuta su a littafin 'yan makaranta, ya ce ɓarawon zamani ba zai iya karantawa ba. In na fusata na fara dukan madannan kwamfuta, sai ya ɗago kai ya ce, “Kar ki yi mata tsawa. Tambayar ta za ki yi. Duk abin da ya same ta ta rubuta, ke ce ba ki karanta ba.”

A gida kuwa, gaisuwa ce harajinsa. Duk wanda zai shiga ko zai fita sai ya durƙusa a zaure: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya gona, yaya wanda aka ce ba ya jin daɗi. Ko tukunya kika baro a kan wuta, sai kin kai ƙarshe. Muna yara muna jin haushi, amma babu mai yin tari a gidan nan Baffa bai sani ba.

A nan rigimar ta samo asali. Babanmu manomi ne, tumatir da rake yake yi a fadama wajen Kudan. In kaka ta zo, ko lokacin kwasar tumatir, kwanduna da buhunan taki da injin ban-ruwa duk ta zauren nan ɗaya za su bi, su karya kwana a shigifa, a ciccibi babur a tsallakar da shi dokin ƙofa. Kowane sawu kuma da gaisuwarsa. Wata rana bayan la'asar Baba ya zo ya durƙusa a gaban yayansa. Ina daga ciki ina jin su.

Ya ce, “Yaya, ina so in fasa ƙofa ta bayan sashena, ta lungu. Don kaya kawai.”

Baffa ya ce, “Malam ta ina ya riƙa shiga da nasa kayan?” Malam suke ce wa mahaifinsu.

“Malam jaki gare shi, Yaya.”

“Gida ɗaya, ƙofa ɗaya. Muddin ina numfashi ba za a huda katangar nan ba.”

“To gidan naka ne kai kaɗai?”

Da Baffa ya yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma ina! Baffa bai san shiru ba in an taɓa shi. Ya ce, “Wanda ƙofar ta yi wa kaɗan, ai ba a ɗaure ƙafarsa ba.”

Kafin damina ta sauka Baba ya yi ɗaki biyu kusa da gonarsa a Kudan, ya kwashe Innarmu da ƙannena. Ba a yi gaba ba, a'a. Suna gaisawa a masallaci, a wurin suna, a wurin jana'iza, irin gaisuwar nan da ake yi don kar mutane su ce an yi gaba. Amma kwano ɗaya da suka tashi suna ci tun suna yara, ya rabu. Goggo ta yi kuka, ta yi zagi, ta kai ƙara wurin liman, duk a banza. Taurin kan nan nono ɗaya suka sha shi.

Ni kuwa ina tsakiya, 'yar wannan, ma'aikaciyar wancan.

A cibiyarmu babbar na'ura ɗaya ce, amma Baffa ya yanka cikinta sassa uku, kowane sashe yana ganin kansa kwamfuta ce cikakkiya mai zaman kanta. Ɗaya na ɗaliban da ke zuwa gwajin jarrabawa, ɗaya na asibitin nan na Ikara da ke ajiye bayanan marasa lafiya a wurinmu, ɗaya na wata ƙungiyar masu hatsi. Sassa uku, amma katin netwok ɗaya ne, wato ɗan allon da wayar sadarwa ke shiga. Duk saƙon da zai shigo ko zai fita, sai ya bi ta hannun kanal, zuciyar manhajar da ke tafiyar da babbar na'urar. Ita za ta karɓa, ta duba na wane ne, ta kwafe, ta miƙa masa. Ranar da babu cunkoso lafiya lau. Amma ranar da ɗalibai suka cika ɗaki suka danna tare, sai layi ya haɗu, na'ura ta ɗau zafi, a bugo waya daga Ikara a ce sunan mai naƙuda ya ƙi buɗewa.

Wata safiya Baffa ya shigo da ƙaramin kwali a hammata, yana murmushi kamar wanda aka yi wa jika. Ya cire takalmi, ya dafa ƙarfen taga, ya zaro sabon kati.

Ya ce, “Zo ki ga abin mamaki. Wannan kati ɗaya ne, amma ya iya raba kansa. Zai iya nuna fuska takwas, kowace fuska a ba wani sashe, sashen ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Saƙo ya taso daga waya ya faɗa ɗakin mai shi kai tsaye, ba sai an tsaya a hannun kanal ba.”

Na ce, “To wa zai raba fuskokin?”

“Yauwa, yanzu kika yi tambaya. Direba.” Ya ga ina kallonsa, ya ci gaba. “Ai kin san shi, ɗan shirin nan da ke koya wa kanal yadda za ta yi magana da kati. A nan guda biyu ne. Babban yana zaune cikin kanal ɗin uwar na'ura. Shi ke fasa ƙofofin, shi ke ba kowace ƙofa lambarta, shi ke yanka mata iyakar abin da za ta ɗauka, shi ke hana wani ya sa lambar wani ya karɓi saƙon da ba nasa ba. Ƙaramin kuma yana cikin kowane sashe, aikinsa shiga da kaya da fita da kaya kawai. In yana son ya canza wani abu, ko da lambarsa ce, sai ya aika wa babban ta wani ɗan akwatin saƙo da ke jikin katin. Babban ya ce e, ko ya ce a'a.”

“In katin ya yi kuskure ya zuba kayan wani a ɗakin wani fa?”

“Akwai mai gadi a jikin allon na'urar, sai an kunna shi tun daga tashi. Shi ke cewa wannan fuskar, iyakarta wannan ɗakin. Ba ta wuce nan.”

Kwana biyu muna aikin. A rana ta uku ɗalibai suka cika ɗaki, suka danna tare, na'ura ko gezau. Ba wanda ya bugo daga Ikara. Baffa ya jingina da kujera ya ce, “Kin gani? Kowa da ƙofarsa, kuma gida yana nan gida ɗaya.”

Ni ma jinin gidan ce, bakina ya riga hankalina. Na ce, “Baffa, ƙarfe ka fasa wa ƙofa takwas. Ƙaninka ɗaya ya roƙa, ka hana.”

Subhanallahi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya sa takalminsa ya fita. Kwana huɗu in na gaishe shi, “Lafiya” kawai yake cewa. Mutumin da gaisuwarsa ke sa shayi ya huce! Na gwammace ya zage ni.

Abin da ya sa ya sake yi mini magana, kuskurena ne. Ni na tsara ƙofar masu hatsi, na manta ban sa mata iyaka ba. Wani daga cikinsu ya shiga sauke wasu manyan abubuwa, ya cinye hanyar gaba ɗaya, asibiti ya tsaya cak ana tsakiyar ganin marasa lafiya. Suka bugo, rai a ɓace. Ina tsaye na ji Baffa yana ce musu, “Ku yi haƙuri, laifina ne, tsufa ne ya sa na tsallake layi ɗaya.” Bai taɓa gaya wa kowa ni ce ba. Matar nan da ta riƙe hannuna a wurin zaman makoki, sai in ta karanta wannan za ta sani.

Da muka gyara, ya zauna ya ce, “Kin ga abin da nake tsoro? Ƙofa ba wasa ba ce. Da komai na bi ta hannuna, ina ganin mai shiga da mai fita. Yanzu saƙo na wucewa ban gan shi ba.” Sannan muryarsa ta sauka. “Maƙwabtanmu na gabas ƙofa huɗu suka fasa. Tsohuwarsu ta yi kwana biyu a kwance, babu wanda ya sani. Malam da zai rasu hannuna ya riƙe, ya ce kar in bari gidan nan ya watse. Na ga in ubanki ya samu ƙofarsa, zan iya yin mako guda ban ga fuskarsa ba.”

A hankali na ce, “Baffa, yanzu wata nawa kake yi ba ka gan ta ba?”

Ya jawo madannai, ya nuna mini layin da ake sa iyaka, ya ce in rubuta shi sau uku a littafi.

Bayan nan ya ƙara shiga cikin direban nan kamar mai neman wani abu. Ya gano cewa in wuta ta ɗauke aka sake tayar da na'ura, wata ƙofar takan ƙi dawowa. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta gyara, ya aika wa masu kula da kanal ɗin a can ƙasashen waje. Suka dawo masa da shi da gyare-gyare. Ya sake aikawa, suka sake dawowa da shi. Ba gyaran ne ya dame shi ba. “Dubi nan,” yake ce mini, “ko sallama babu. Mutum ya rubuto maka, bai tambayi iyalinka ba, sai layi na kaza ba daidai ba ne. Wane irin reno aka yi musu?” Shi kuwa duk wasiƙarsa sai ya buɗe ta da fatan suna lafiya su da iyalansu. Ranar da suka karɓi gyaran, tsire ya saya mana.

A ƙarshen shekarar da ta wuce ciwo ya fara kwantar da shi, ya daina zuwa Makarfi. Wata Juma'a na je duba shi, tun daga lungu na ji ƙarar guduma. Na zagaya, sai ga magini yana fasa katangar bayan sashenmu, sashen da shekara bakwai ba kowa sai kaji. An fito wa Baffa da kujera, yana zaune da bargo a gwiwa yana ba da umarni.

“Ƙara faɗi,” yake ce wa maginin. “Babur da kwando biyu za su wuce. Kar ka yi mata dokin ƙofa.”

Na tsaya ina kallo. Ya harare ni ta saman tabarau ya ce, “Meye? Ba ki taɓa ganin ƙofa ba?”

Da aka kafa ƙyauren ƙarfe, ya kira ni zaure. Makulli biyu ne. Ya rataye ɗaya a ƙusa saman buzunsa, ya miƙo mini ɗaya.

“Ki kai wa ubanki. Ki ce ƙofa tasa ce, kayansa su shiga su fita ba sai sun gaishe ni ba. Amma shi in ya ga dama…” Ya tsaya. Ya ce, “Ki dai kai masa.”

Washegari na same Baba a fadama, ana ta kwasar tumatir, mota na jira a bakin hanya. Na miƙa masa, na faɗi saƙon. Ya juya makullin a tafin hannunsa ya daɗe. Na ga idonsa ya kaɗa, amma bakinsa cewa ya yi, “Shekara bakwai, sai yanzu?” Ya jefa shi a aljihu. “Ki ce masa na ji. In na gama kwasa zan zo.”

Tumatir ba ya jira, wannan gaskiya ne. Amma ni 'yarsa ce, na san ba tumatir ba ne. So yake shi ma a ɗan jira shi. Duk zuwan da na yi, Baffa ba ya tambayata kai tsaye, sai dai ya ce, “Yaya kwasar? Da saura?” In ce da saura kaɗan. Saura kwana biyu a gama, aka bugo mini waya da hantsi cewa Baffa ya rasu. Har yau ina jin zafin abin, kuma ina jin haushin kaina da ban koma fadamar nan na durƙusa na yi masa kuka ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Baffa. Ka yafe masa kaifin harshensa saboda taushin zuciyarsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka buɗe masa ƙofofin rahamarka duka, Ka sa ya tarar da Malam yana mai yarda da riƙon da ya yi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun watse, an naɗe tabarmi, ina tsakar gida ina tattara kwanuka na ji motsin makulli ta bayan sashenmu. Ƙyauren ya buɗe. Baba ne a tsaye a lungu. Ya dubi faɗin ƙofar, ya dubi ƙasa inda babu dokin ƙofa, ya shafa simintin gefe da hannunsa. Na ɗauka zai shigo. Sai ya ja ƙyauren ya rufe, na ji ya murɗa makulli.

Na ce shi ke nan, ya tafi. Goggo ta dafa bango ta fara salati. Muka kasa kunne muna jiran tashin babur.

Ba mu ji babur ba. Takun ƙafa muka ji yana zagaya katanga, a hankali, har ƙofar gida. Na ruga shigifa na leƙa. Baba ya cire takalmansa a bakin zaure, ya shigo, ya durƙusa a gaban buzun da babu kowa a kai, ɗayan makullin yana rataye a samansa.

Ya ce, “Salamu alaikum.”

Ya jira, kamar yadda aka koya mana mu jira. Shirun ya yi tsawo har na kasa daurewa. Na ce, “Wa alaikumus salam, Baba. Sannu da zuwa.”

Bai waiwayo ba. Ya ce, “Ba ke nake jira ba.”

Sannan ya ci gaba, bai tsallake ko ɗaya ba: “Yaya, ina kwana. Ina gajiya. Yaya jiki. Na gama kwasar.”